Aska ko reza? A tambayi wuya bayan kwana uku

Ƙanena ne ya tayar da maganar. Muna hira ta bidiyo wata ranar Lahadi, sai ya matso da fuska kusa da kyamara, ya ɗaga haɓa ya ce, "Yaya, dubi wuyan nan don Allah. Kai me kake shafawa naka ya yi sumul?" Ƙarƙashin muƙamuƙinsa duk ƙuraje ne, wasu sun kumbura, wasu sun warke sun bar baƙin tabo. Na san irin wannan wuyan, don na yi shekaru da shi. Na ce masa ba shafe-shafe ba ne, rezar roba na bari na koma aska. Ya ce, "Ashe dai aska ta fi kaifi." Na ce masa a'a, ba nan take ba.

Rezar da ta fito daga masana'anta tana da kaifi na ban mamaki. Inji ne ya wasa ta, aka kuma shafe bakinta da wani sinadari mai santsi don ta riƙa zamewa a kan fata. Da wuya mutum ya zauna a ɗakinsa da dutse ya kai aska wannan matsayi. Duk da haka ina kan bakana cewa aska ta fi iya aski, musamman ga mai gashi irin namu mai murɗewa. Fifikon nata yana wurin da take yanke gashin, da kuma sau nawa ƙarfe ke bi ta kan fata kafin a gama.

A 1971 kamfanin Gillette ya fito da Trac II, reza mai baki biyu. Dabarar da aka gina ta a kai ita ce bakin farko ya kama gashi ya ɗan jawo shi waje, kafin ya koma sai na biyu ya sare shi. Da an wuce, guntun gashin sai ya nutse ƙasa da fata. Shi ya sa in ka shafa kumatu bayan aski sai ka ji kamar na jariri. Daga nan aka shiga tsere: Mach3 mai baki uku a 1998, Schick Quattro mai huɗu a 2003, Fusion mai biyar a 2006. Ga mai miƙaƙƙen gashi, wannan ba laifi, gashin zai biyo raminsa ya fito kamar yadda ya shiga. Namu kuwa tun daga saiwa a lanƙwashe yake. In aka yanke shi ƙarƙashin fata, ga tsini kamar allura, sai ya kauce hanya ya huda gefen raminsa, ko ya fito ya yi kwana ya sake shiga fata. Jiki kuma ba ya gane nasa ne, yakan ɗauke shi kamar ƙaya. Sai kumburi, sai mugunya, sai tabo. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan ciwo, kuma sun san baƙar fata ya fi kamawa. Har rundunar sojan Amurka ta shafe shekaru tana bai wa sojojin da ke fama da shi takardar likita ta sassauta musu aski.

Ni abin ya tsananta mini ne bayan na zo Jamus. Aikina na tsayawa gaban jama'a ne, kullum da safe sai na gyara fuska. Ga sanyin hunturu a waje, ga hita a ɗaki tana busar da fata kamar ganye. Nakan ja rezar nan mai baki biyar sama da ƙasa, in ta toshe in buga ta a bakin famfo, in sake ja. Lissafin bai taɓa zuwa mini ba sai daga baya: in na bi wuri ɗaya sau uku, ƙarfe ya kankare fatar sau goma sha biyar ke nan. Kwalar farar riga kan yi ɗigo-ɗigon jini kafin azahar. Wata rana da dare na tsaya gaban madubi da allura da hantsaki, na ɗaga kan wani ƙurji da ya ƙi warkewa a gefen zakaran wuya. Gashi ne ya fito a nannaɗe kamar zare, ya kusa santimita ɗaya, duk tsawon nan a cikin fata ya yi shi. Ranar na daina ganin laifin sabulu da man shafawa.

Aska bakinta ɗaya, kuma a fili yake. Ba ta jan gashi, a daidai fata take yanke shi. Babu ramin da kumfa da guntayen gashi za su cushe, shafa ɗaya a tawul ta koma fes. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take hana mutum dannawa. Kan rezar roba yana lanƙwasa ya bi fuska, ga shinge gaba da baya, sai hannu ya saki jiki ya yi ta danna ta ba tare da ya sani ba. Aska ba ta yarda da haka. Za ka kwantar da ita a kumatu, ka ɗan ɗaga bayanta kamar digiri 30, ka bar kaifin ya yi aikinsa da gajeren ja. In kusurwar ta yi daidai, kunnenka zai gaya maka, wata ƙara ce siririya, ƙar-ƙar-ƙar, kamar ana kankare busasshiyar takarda. In ta yi tsaye da yawa sai ta fara kartar fata, nan take za ka ji. Ga kuma layin saje da na gemu: da aska kana ganin inda bakin ya sauka, gashi ɗaya-ɗaya kake cirewa in ka so. Da reza mai faɗin kai, sai dai ka kintata.

Akwai gaskiyar da masu son aska ba su cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗe ta. Rabin alherin da ake jingina wa aska na shiri ne. Wanda zai ɗora tsirarar wuƙa a maƙogwaronsa ba ya yin gaggawa. Yakan jiƙa fuska da ruwan ɗumi minti biyu ko uku har gashi ya sha ruwa ya yi laushi, ya kaɗa kumfa da buroshi, ya duba inda gashinsa ya kwanta ya bi shi. A wuyana, gashin ɓangaren dama ƙasa yake kallo, na hagu kuma ya karkata wajen kunne. Na yi shekara fiye da goma ina aski ban san haka ba, sai da aska ta tilasta mini dubawa. Da na yi wa rezar roba irin wannan hidima, da ita ma ta rage mini azaba. Amma an ƙera ta ne don mai sauri, kuma saurin take koya wa hannu.

Mai ƙuraje ya kiyaye abu biyu ko da aska ce a hannunsa. Kada ya ja fata ta yi tauri kamar ganga, domin in ya saki gashin zai nutse, an koma gidan jiya. Kuma kada ya yi wa gashi gaba da gaba don neman sumul. Bi ɗaya ta inda ya kwanta ya wadatar. In ka shafa ka ji ɗan kaushi, bar shi, wannan kaushin shi ne kan gashin a waje inda ya kamata ya kasance.

Sai maganar dakushewa. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka sa reza ƙarƙashin madubin ƙara girma suna kallon yadda take yanke gashi. Gashi ya fi ƙarfen laushi kusan sau 50, amma suka ga yana ɓantarar bakin rezar, ƙananan giɓi suna fitowa, musamman in gashin ya lanƙwasa lokacin yanka. To wa ke yar da rezar roba bayan aski biyu ko uku? Yawancinmu sai ta fara fizgar gashi muke tunawa. Aska ma tana dakushewa, amma ita ana gyara ta. Kafin kowane aski nakan rataye fatar gogawa a ƙofa, in ja askar sama da ƙasa, bayanta na gaba, bakinta na biye, kamar sau arba'in. Bayan 'yan watanni in ta fara ja, sai dutse mai laushi da ruwa. Tawa ƙirar Solingen ce, garin maƙeran wuƙaƙe a nan Jamus, wanda shi da Sheffield ta Ingila da Thiers ta Faransa suka yi suna a wannan sana'a. Ƙarfenta mai kama tsatsa ne in aka bar shi da laima, don haka sai an goge an busar, a ɗiga mai in za a ajiye ta daɗe. Mai kula da ita zai iya barin wa ɗansa.

Duk wannan bai sa na raina reza ba, kuma mutanen da suka bar aska ba wauta suka yi ba. King Camp Gillette, wanda ya kafa kamfanin Gillette, ya sayar da reza 51 kacal a 1903, shekarar da ya fara. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinta, suka koma gida da ita, ba su sake waiwayar aska ba. A 1975 kamfanin Bic ya kawo wadda ake yarwa gaba ɗaya har da mariƙinta. Abin da ya ja mutane a bayyane yake: ba koyo, ba wasawa, ba tsoro. Ni sai da na yi kusan wata biyu kafin hannuna ya faɗa. Kumatu ba su da wuya, amma aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a fuska gaban goshin shi ne haɓa da ƙarƙashin hanci. Na yanke kaina ba sau ɗaya ba, dutsen alif ne ya riƙa tsayar mini da jini. Har yau askina na ɗaukar minti ashirin, inda da reza biyar sun isa.

Akwai kuma inda ba na ba kowa shawarar aska. Mai rawar hannu, da mai shan maganin tsinka jini, su bar ta. Mai aske kansa da kansa, ƙeya ba wurin gwaji ba ce. Gidan da ke da yara ƙanana, sai an sami wurin kullewa. In tafiya ta kama ni a jirgi da jakar hannu kaɗai, rezar roba nake ɗauka, don ba a barin aska ta wuce wurin bincike. Ko a nan mai baki ɗaya nake nema, ba mai biyar ba.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne aro. Aska ta mutum ɗaya ce, reza ma haka. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ɗigon jinin da ido bai gani ba ya isa. Saboda haka ne masu aski da yawa suka koma wata aska da ake saka wa rabin reza sabuwa ga kowane mutum, a cire a yar in an gama. Siffarta ta aska ce, bakinta ɗaya, ba ta buƙatar fata ko dutse. Ta ɗan fi ta ainihi saurin yanka fata saboda sirantar bakin, amma ga mai son gwadawa kafin ya shiga hidimar wasawa, ƙofa ce mai kyau.

Ita na ce wa ƙanena ya nema. Amma kafin nan na ce ya ajiye kowane irin ƙarfe, ya bar wuyan ya huta wata guda, gashin da ya maƙale ya tsiro ya fito da kansa, in ya matsu ya rage da almakashi. In ƙurajen suka ƙi lafawa ko suka fara tauri suna tudu, ya je wurin likitan fata, wannan ya wuce maganar aska. Ya ce, "Yaya, wata guda ai zan koma kamar wanda ya fito daga daji." Na ce ya daure. Sati uku ke nan. Jiya ya turo mini hoto, haɓa a ɗage kamar wancan karon. Tabon na nan, zai ɗauki lokaci kafin ya dushe, amma kumburin ya sauka, kuma ban ga sabon ƙurji ko ɗaya ba.