Badakshan: wa gwamna yake jin tsoro?

Tun ranar 6 ga Yunin 2023 nake riƙe da wannan maganar a raina. A ranar ce wata mota cike da bam ta tarwatse a Faizabad, babban birnin lardin Badakshan da ke arewa maso gabashin Afganistan, ta kashe muƙaddashin gwamnan lardin, Nisar Ahmad Ahmadi, tare da direbansa. Bayan kwana biyu jama'a sun taru a masallaci suna yi masa addu'a, wani bam ɗin ya sake tashi a tsakiyarsu, mutum sama da goma suka rasu. Daesh ta ce ita ta yi. Allah Ya jiƙan musulmin da suka riga mu. Labarin ya zo ya wuce kamar yadda labaran Afganistan suka saba wucewa, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne kujerar da mutumin ya mutu a kanta. Na bi tarihin waɗanda suka zauna a kujerar nan shekaru ɗaruruwa, kuma abin da na gani ya dame ni.

Badakshan ƙasar duwatsu ce ta gasken gaske. Noshak, dutse mafi tsawo a Afganistan, mai mita 7,492, a can yake. Lardin ya yi iyaka da Tajikistan da Pakistan, sannan wani siririn zirin ƙasa mai suna Wakhan ya miƙe har ya taɓa Sin. Yawancin mutanen Farisanci suke yi, wanda a can ake kira Dari, ga kuma ƙananan harsunan kwaruruwan Pamir irin su Shugni da Wakhi. In hunturu ya kama, akwai gundumomin da ƙanƙara ke toshe hanyarsu wata da watanni, ba shiga ba fita. Gwamna a bakinsu sunansa wali, lardi kuma wilayat, a da can kuma mai riƙe da yanki hakim ake ce masa. Bahaushe ba zai ji baƙon abu ba a nan, domin daga tushen Larabci ɗaya muka samo hakimi da sarautar Wali.

To me ya sa kowane mai ƙarfi a yankin yake son ya ɗora nasa mutumin a kan wannan wuri mai wuyar zama? Dutse. A Sar-i Sang ake haƙo shuɗin dutsen nan lajward tun dubban shekaru, har a kayan Fir'aunonin Masar an same shi. Ga kuma jan dutse mai kama da yaƙutu da ake kira la'al. Marco Polo da ya ratsa ƙasar a ƙarni na 13 ya ba da labarin cewa sarakunanta na danganta kansu da Zulƙarnaini, kuma duk wanda ya haƙi jan dutsen ba da izinin sarki ba hukuncinsa kisa ne. Tun a wancan zamanin arzikin da ke ƙarƙashin ƙafar talaka ba nasa ba ne.

Waccan tsohuwar zuriya ta sarakuna jikokin Taimur, mayaƙin sarkin nan na Samarkand, ne suka kawar da ita a ƙarni na 15. Daga nan Badakshan ta koma wurin da ake tura ɗan sarki ya koyi mulki. Babur, wanda daga baya ya kafa daular Mughal a Indiya, ya ba ɗansa Humayun riƙonta yana yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. Ya yi shekaru a can, amma a 1529 ya tattara ya nufi Agra ba tare da ya nemi izini ba, don zuciyarsa na wurin gadon sarautar Indiya. A 1646 Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, ya tura ɗansa Murad Baksh da runduna mai yawa ya kama Balkh da Badakshan. Ya ci yaƙin, amma ya ƙi zama, ya ce shi ba zai iya da ƙasar ba, ya juya. Aka tura ɗan'uwansa Aurangzeb, shi ma a 1647 ya janye, sojoji da dama suka mutu cikin ƙanƙarar Hindu Kush a hanyar komawa. Ku duba fa, dukansu jikinsu na Badakshan, idonsu na fadar da ta aiko su.

Sai ga wani labari daban, wanda shi ne ya fi burge ni a duk tarihin nan. A 1657 mutanen Yaftal, wani yanki na Badakshan, bayan sun gaji da hakiman Uzbek da ake ɗora musu, suka nemi wani mutum mai suna Yari Beg, ɗan gidan sharifai mai asali da Samarkand, suka ce ya zo ya zama mir ɗinsu, wato sarkinsu. Baƙo ne, ba ɗan kwarin ba. Amma su suka kira shi. Ya yi mulki kusan shekara hamsin, kuma zuriyarsa ta riƙe ƙasar sama da shekara ɗari biyu. A zamaninsa ne wata alkyabba da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) ta iso ƙasar, aka gina mata wurin ajiya a garin Jauzgun, aka sauya wa garin suna zuwa Faizabad, wato mazaunin falala. Har yau sunan kenan.

Alkyabbar fa? A 1768 Shah Wali Khan, wazirin sarkin Afganistan Ahmad Shah Durrani, ya zo da runduna ya ɗauke ta zuwa Kandahar. Tana can har gobe, kuma ita ce Mulla Umar, shugaban Taliban na farko, ya fito da ita ya ɗaga wa jama'a a 1996. Garin da ya samu sunansa saboda alkyabbar an bar shi da suna kawai. Ban san wani abu da ya fi wannan bayyana yadda gwamnatin tsakiya ke mu'amala da Badakshan ba: a zo, a ɗauki abu mafi daraja, a tafi da shi kudu.

Mafi muni shi ne zamanin Murad Beg, sarkin Uzbek na Kunduz, wanda ya mamaye ƙasar a shekarun 1820. Ya rushe Faizabad, ya kwashi dubban iyalai daga sanyin duwatsu ya zube su a fadamun Kunduz masu sauro da zazzaɓi, inda da yawansu suka mutu. Mutanen Afganistan na da karin magana cewa in mutuwa kake so, tafi Kunduz. John Wood, jami'in Ingila da ya bi ta wurin a ƙarshen shekarun 1830 yana neman mafarin kogin Amu, kango ya tarar a inda birnin yake.

A nan ne mai karatu zai ce, to ai maganar a fili take, a bar ɗan ƙasa ya mulki ƙasarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma gaskiya ba ta bar ni na tsaya nan ba. Jikokin Yari Beg sun shafe shekaru suna yaƙar juna a kan sarauta, wannan ya kira Kunduz ta taimake shi, wancan ya kira Kabul ko Bukhara, kuma ta wannan ƙofar baƙi suka riƙa shigowa. Abin da ya fi ciwo, sarakunan yankin sun riƙa kama mutanen kwaruruwan sama, mabiya Isma'iliyya (wani reshe na Shi'a), suna sayar da su bayi ko suna biyan haraji da su. Ɗan gida ne yake yi wa ɗan gida haka. Saboda haka haihuwa a Badakshan ba ta isa ta sa mutum ya yi wa Badakshan adalci ba. Yari Beg baƙo ne aka ji daɗinsa, jikokinsa 'yan gida ne aka sha wuya a hannun wasunsu. Bambancin da nake gani shi ne, shi ya san waɗanda suka kira shi za su iya juya masa baya. Su kuwa gado suka ci, ba sa jin akwai wanda zai tuhume su.

Daga 1873, lokacin da Ingila da Rasha suka amince a tsakaninsu cewa Badakshan da Wakhan na Afganistan ne, sarautar mir ta fara shuɗewa. Amir Abdur Rahman Khan, wanda ya hau mulki a 1880, shi ya ƙarasa ta. A 1883 mir ɗin Wakhan, Ali Mardan, ya gudu Chitral da ke Pakistan ta yau, na Shugnan kuma aka kama shi aka kai Kabul. Aka maye gurbinsu da hakiman da Amir ya naɗa da sojojin da ya girke. A 1895 Turawan biyu suka ja iyaka a kan kogin Panj, suka raba 'yan uwa gida biyu, wannan gaɓar ta Kabul, waccan ta Bukhara da Rasha. Babu wanda ya tambayi mutumin Shugnan ko na Darwaz ra'ayinsa. Daga baya ma an haɗe Badakshan da Katagan a lardi guda ana mulkarsu daga Khanabad, can ƙasa a fili, nesa da duwatsun.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wannan tsari na Abdur Rahman ya tsallake kowace irin gwamnati. Sarauta ta tafi a 1973, 'yan gurguzu suka zo a 1978, mujahidai suka biyo, har ɗan Badakshan, Burhanuddin Rabbani, ya zama shugaban ƙasa a 1992, kuma lardin na cikin 'yan wuraren da Taliban ba ta taɓa kamawa ba a mulkinta na farko. Aka zo aka rubuta tsarin mulki a 2004 da taimakon ƙasashen da ke wa duniya wa'azin dimokuraɗiyya. Duk da haka, har zuwa faɗuwar wannan gwamnatin a 2021, gwamna naɗa shi ake yi daga Kabul. A lokacin jama'a na zaɓen majalisar lardi, amma aikinta ba ya wuce ba da shawara, ba ta naɗa gwamna, ba ta sauke shi, kuɗin ayyuka kuma ma'aikatun Kabul ke riƙe da su. Waɗanda suka rayu a zamanin gwamnonin soja a Najeriya sun san yadda ake kwana da gwamna a tashi da wani ta sanarwar rediyo. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wanda ya naɗa ka shi za ka yi wa askin.

Me wannan ya haifar? Wani bincike da aka yi a 2002 ya gano cewa a gundumar Ragh mata kusan 6,500 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, adadin da ba a taɓa rubuta irinsa a duniya ba, alhali a birnin Kabul bai kai 500 ba. Wannan a lardin da ke zaune a kan lajward mafi kyau a doron ƙasa. A farkon 2014 wani kwamanda mai 'yan bindiga ya ƙwace ma'adinan lajward ɗin daga hannun masu gadinsu, kuɗin ya riƙa tafiya aljihun masu makamai, har da Taliban, kamar yadda ƙungiyar Global Witness ta bayyana a 2016. Gwamna na zaune a Faizabad, ba shi da iko a kan dutsen. A ranar Juma'a 2 ga Mayun 2014 kuma ƙasa ta zaftaro wa ƙauyen Ab Barik a gundumar Argo, maƙwabta suka rugo ceto da shebur, zaftarewa ta biyu ta binne su su ma. Ɗaruruwan mutane suka salwanta. Gwamnan lokacin, Shah Waliullah Adib, ya fito yana roƙon a kawo musu kayan tono, daga ƙarshe aka daina nema, aka mai da wurin kabarin bai-ɗaya. Ban ɗora wa mutumin laifin zaftarewar ƙasa ba. Amma na ji tausayin jama'ar da babban jami'insu ba shi da abin yi sai roƙo, domin kujerar tasa ba a gina ta don ta amsa musu ba.

Ƙetaren kogin ma haka abin yake. Tun 1925 aka ba ɓangaren da ke Tajikistan a yau sunan yanki mai cin gashin kansa, da hedikwata a Khorog, amma shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamnansa daga Dushanbe, babban birnin ƙasar. A ƙarshen 2021 aka sauke Yodgor Faizov aka ɗora Alisher Mirzonabot, tsohon jami'in tsaro. A Mayun 2022 mutane suka fito suna neman ya sauka, aka amsa musu da sojoji, aka kashe mutane da dama a Rushan, aka ɗaure wasu masu yawa. Shi wannan gwamnan ɗan yankin ne. Bai hana komai ba, domin ba Khorog yake tsoro ba.

Na san hujjar masu kare naɗi daga sama, kuma ban raina ta ba. Suna cewa ƙasa mai ƙabilu da yawa da makamai a kowane kwari, in aka bar kowa ya zaɓi nasa, kwamandan da ya fi bindiga shi zai ci zaɓe, ƙasa ta wargaje. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai an gwada naɗin shekara ɗari da arba'in, kwamandojin ba su tafi ba, sun dai koyi bin ta Kabul su samo wa yaransu muƙami. Kuma da Taliban ta iso a Agustan 2021, Faizabad ta faɗi ranar 11 ga wata, kwana huɗu kafin Kabul. Mutane ba su ga abin da za su mutu a kansa ba a gidan gwamnan da ba su suka sa kowa a ciki ba.

Yanzu daga Kandahar, garin da aka kai alkyabbar, takardar naɗi ke fitowa, da sa hannun shugaban Taliban, Hibatullah Akhundzada. A farkon Mayun 2024 jami'an Taliban suka shiga gundumomin Darayim da Argo don lalata gonakin da ake noman ƙwayar opiyom, wadda aka haramta tun Afrilun 2022. Manoma suka fito zanga-zanga, aka harbe mutum a Darayim, aka harbe wani a Argo. Cikin koke-kokensu har da cewa waɗanda aka turo musu ba sa jin harshensu, suna kutsa musu gidaje ba mutunci. Ni ba na goyon bayan noman ƙwaya, amma manomin da ke kan dutse da 'ya'ya takwas, aka tumɓuke masa abin da ya shuka ba a ba shi madadi ba, ya cancanci a ce akwai ofishin da zai shiga ya yi magana a ji shi da yarensa. Da abin ya ƙi lafawa, ba gwamnan lardin ne ya kashe wutar ba. Sai da aka haɗa tawaga daga sama ƙarƙashin Kari Fasihuddin Fitrat, babban hafsan sojojinsu, wanda shi ɗan Badakshan ne, ya zo ya zauna da dattawa. Ya gama ya koma Kabul, su kuma suka koma gonakinsu da aka lalata musu, gwamnan da aka aiko musu yana nan a Faizabad.