Cutar Cordyceps: rabi gaskiya, rabi ƙirƙira

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma ban yarda da kai ba inda ka ce cutar da ke haukata mutane a wasan bidiyo na The Last of Us duk shaci-faɗi ce. Kamfanin Naughty Dog da ya fitar da wasan a 2013 bai ƙago sunan ba. Cordyceps wani nau'in naman gwari ne da ke nan a duniya, sai dai ƙwari yake kamawa.

Akwai wanda ake kira Ophiocordyceps unilateralis, a dazuzzukan Brazil da Tailan. Idan ya shiga jikin tururuwa sai ta bar 'yan uwanta, ta hau tsiro, ta ciji jijiyar ganye ta ƙanƙame har ta mutu a wurin. Bayan kwanaki wani siririn tsinke ya tsiro daga bayan kanta, ya riƙa zubo ƙwayoyinsa kan na ƙasa. Ranar da na fara ganin hoton, wallahi tsigar jikina ta tashi.

Ƙirƙirar ita ce cewa ya koma kan ɗan Adam. Zafin jikinmu, digiri 37, ya fi ƙarfinsa, kuma kowane nau'i ya saba da ƙwaron da yake kamawa.

Abin da ya fi damuna ka tsallake shi: Candida auris, wani naman gwari mai kama mutane da aka fara ganowa a Japan a 2009, yana yaɗuwa a asibitoci, yana bijire wa magunguna. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin rukunin mafi haɗari. Don Allah a yi mana rahoto a kansa.