Taba ba huhu kaɗai take ci ba

Na ci karo da wani rahoto kan illar taba. Allah ya saka wa mai rahoton da alheri, musamman inda ya ce taba sigari na lalata jijiyoyin zuciya. Mu nan Kaduna da an ambaci taba sai hankali ya tafi kan tari da huhu kawai.

Yayana direba ne a tashar Kawo, ya fi shekara 20 yana busawa. Bara da azumi, bayan shan ruwa ya dafe ƙirji, gumi na karyo masa, hannun hagu ya yi masa nauyi. Likita ya ce nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ke sa zuciya bugu da sauri, ya hawar da jini, ya matse jijiya, hayaƙin kuma ya rage iskar da jini ke ɗauka, ya sa shi saurin daskarewa. Alhamdu lillahi ya tashi, ya kuma daina.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, dokar taba sigari ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da kara-kara, ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18. Ku leƙa teburan bakin titi a Tudun Wada da daddare, yara ne ke miƙa kuɗi.