Tambaya ɗaya da ba a yi wa Baba ba

Har yanzu raina a ɓace yake. Mahaifina ya je a cire masa yanar ido, aikin da aka yi ta ce mana ɗan ƙarami ne, ya fito tsakiyar baƙin idonsa a karkace kamar ɗigon hawaye. Yanzu ko fitila aka kunna sai ya kare fuska da hannu.

Kafin aiki an duba suga, an duba hawan jini, an ba mu takarda mun sa hannu. Amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce, "Baba, wane magani kuke sha?" ba. Shi kuwa shekara huɗu ke nan yana shan tamsulosin saboda wahalar fitsari irin ta dattawa. Wallahi kwalin maganin na cikin aljihunsa a ranar!

Ta 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido likita ke bi ya kai ga yanar, shi ya sa ake ɗiga magunguna irin su tropicamide da phenylephrine don ta buɗe. An ɗiga wa Baba har sau uku, ta ƙi buɗewa yadda ake so. Nas ta haska da tocila, ta taɓe baki, ta ce, "A haka ma za a yi." A haka!

Tamsulosin na sa tsokar da ke buɗe ƙofar ta saki. Ana tsakiyar aiki sai baƙin idon ya riƙa kaɗawa kamar tsumma a ruwa, ƙofar ta ƙara tsukewa, wani gefen ya nemi fitowa ta inda aka yanka. Kuma wannan ba sabon labari ba ne. Tun 2005 likitoci biyu a Amurka, David Chang da John Campbell, suka bayyana shi. Yau shekara nawa ke nan?

Abin takaicin, akwai dabara. Akwai ƙananan ƙugiyoyi da ake ja gefen baƙin idon da su, akwai zoben Malyugin da ake sakawa ya riƙe ƙofar a buɗe, akwai phenylephrine da ake zubawa cikin idon kai tsaye. Sai dai wanda ya sani tun da wuri ne zai tanade su kusa da hannu. Daina shan maganin ma ba ya raba mutum da matsalar, domin tana iya tasowa ko an daɗe da dainawa.

Bayan an gama ɓarna, likita ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba ku faɗa mana ba?" Haba likita! Wa zai zauna ya haɗa fitsari da ido? Mu muka yi karatun ko ku?

Saura ido na biyu. Ranar da za mu koma, kafin in ce ina kwana, kwalin nan zan fara direwa a kan teburinsa.