Wanda ya jira sakamakon bak kafin ya zaɓi jami'a ya makara

A Tawa, maganar jami'a ba ta shiga yawancin gidaje sai ranar da aka karanta sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare. Ranar ake guɗa, a kira 'yan uwa na Abijan da na Libiya, sannan da daddare uba ya dubi yaro ya ce, "To ɗana, yanzu me za ka karanta?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, duk abin da aka ba ni." Nan kuskuren yake. Tambayar ta watan Oktoba ce, lokacin da yaro ya shiga tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, amma mu sai damina ta yi nisa muke yin ta.

Makarantu ba sa jiran kowa, kowace da kalandarta. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda matasanmu ke yawan ambato, ana cike takardunsa ta intanet tsakanin Janairu da Fabrairu, kuma ɗan ajin ƙarshe na sakandare yana iya nema tun bai zana jarrabawa ba. Mai neman digirin farko dole ya kasance ƙasa da shekara 21. Yaron da ya ji labarin a watan Agusta sai ya jira wata shekara, wataƙila kafin nan shekarunsa sun haura. Mai son Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda ba ta da nisa da mu idan aka bi ta Ƙonni, zai tarar da cewa rajistar jarrabawar JAMB ta shiga jami'o'in Najeriya ma a farkon shekara ake yin ta, ga kuma Ingilishi da ba a koyonsa cikin mako biyu. A cikin gida, makarantun da ake shiga da konkur, wato jarrabawar gasa, irin su EMIG ta ma'adinai da ke Yamai, suna da ranakun rufe karɓar dosiye, kuma sanarwar ba ta bin mutum gida.

Wa ya san waɗannan ranaku? Ɗan ma'aikacin da yayarsa ke jami'a, ko wanda kawunsa ke zaune a wani ofis a Yamai. Ɗan manomi daga Buza ko Keita, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai tarminal, yana iya fin wancan maki nesa ba kusa ba, amma ya rasa gurbi domin babu wanda ya gaya masa. Wannan ne ya sa nake ganin maganar lokaci magana ce ta adalci, ba ta tsari kaɗai ba.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Bak jarrabawa ce da ke kayar da yara da yawa kowace shekara. Me zai sa mutum ya kashe kuɗin tambur da hotuna da mota a kan abin da bai tabbata ba? Wasu ma gani suke kamar riga malam masallaci ne, ko jawo baki. Malaman lise kuma suna tsoron kada hankalin yaro ya rabu, ya bar lissafi da falsafa ya koma mafarkin Istanbul.

Amsata ita ce mafi yawan abin da ake buƙata da wuri ba ya cin kuɗi, kuma wanda ke ci ba ya lalacewa. Takardar haihuwa da takardar zama ɗan ƙasa, wadda ake karɓa a kotu, ko an faɗi bak suna nan, za su yi amfani baɗi ko wajen neman aiki. Takardar shaidar rashin laifi ce kawai ya kamata a bari sai ƙarshe, tunda galibi ana son wadda ba ta wuce wata uku ba. Akwai kuma abin da ke cin mutane a ɓoye: rubutun suna. Mahamadou a wannan takarda, Mahamane a waccan, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Gyaran irin wannan a kotu ba aikin yini guda ba ne, kuma an fi gano shi ana saura kwana kaɗan a rufe. Game da rabuwar hankali, ni abin da na lura shi ne yaron da ya san makin da fannin likita ke nema ya fi dagewa a kan wanda ke karatu don kawai a ce ya samu.

Sai zaɓen kansa. Har yau a Adar idan an ce jami'a, Yamai ake nufi. Ba laifi, Jami'ar Abdou Moumouni ita ce uwa, tun farkon shekarun 1970 take, kuma ta yi shekaru masu yawa ita kaɗai ce ta gwamnati. Amma tun 2010 aka buɗe na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, ban da Jami'ar Musulunci ta Say. Yarinyar da ke son shari'a ko tattalin arziki tana da Jami'ar Djibo Hamani a nan garin. Idan ta tafi Yamai, sama da kilomita 500, za ta nemi ɗaki a Harobanda, unguwar da jami'ar take, ko ta raɓe gidan dangi, ta yi fama da cunkoson aji, ta jira bursu daga ANAB, hukumar tallafin karatu ta gwamnati, wanda ba kullum yake zuwa kan kari ba. Iyaye da yawa da ke hana 'ya mace tafiya nesa za su bar ta idan a gida za ta kwana. Ba ina cewa kowa ya zauna Tawa ba ne. Mai son likita dole ya fita, Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. Abin da nake cewa shi ne a fara da fanni, sannan a tambayi inda ake koyar da shi, maimakon a fara da sunan gari.

A kuma yi wa yaro gaskiya game da seri ɗinsa. Wanda ya yi A, wato ɓangaren adabi, ba zai zama injiniya ba don kawai mahaifiyarsa na so, kuma mai D, ɓangaren kimiyya, da maki tsaka-tsaki ya tanadi zaɓi na biyu da na uku da zuciyarsa ta yarda da su.

Makarantu masu zaman kansu kuwa, bayan sakamako suke cika rediyo da talla, domin sun san lokacin ne iyaye ke cikin ruɗu. Akwai nagari a cikinsu. Amma kafin a biya ko dala, a nemi ganin izinin gwamnati na fannin da yaron zai karanta, ba na makarantar kawai ba, a tambaya ko CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, ta amince da digirin, a kuma nemi wani da ya gama can a ji inda yake aiki. Uban da ya fara bincike a watan Disamba yana da sararin yin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara a Satumba sa hannu kawai yake yi.

Nauyi mafi girma yana kan lise. Ba a buƙatar kasafin kuɗi kafin shugaban makaranta ya ware yammaci guda a zangon farko, ya gayyato tsofaffin ɗalibansa da ke jami'o'i su yi wa 'yan tarminal bayani, a liƙa takarda a bango mai ɗauke da ranakun buɗewa da rufewa da jerin abin da kowane dosiye ke nema. Ƙungiyar iyayen yara ta nemi a yi zaman da Hausa, a kuma sa shi ranar da ba ta kasuwa ba, domin masu biyan kuɗin su samu halarta.