Babu Na'urar Doraemon a Durowar Kowa

'Yan'uwana matasa, a kwanakin baya na sake kallon wani tsohon kashi na Doraemon, katun ɗin nan na ƙasar Japan da Fujiko F. Fujio ya fara zanawa a shekarar 1969, wanda tashar TV Asahi take nunawa tun 1979. Labarin yana cikin na farko-farko da aka zana, kuma a kan kakar Nobita ne, wato mahaifiyar mahaifinsa, wadda ta rasu tun bai shiga firamare ba. Da ina ƙarami abin dariya kawai na gani a cikinsa, amma a wannan karon kunya ce ta kama ni, kuma dalilin kunyar nake so mu tattauna.

Nobita yaro ne rago, mai yawan kuka, wanda kullum yake jingina da Doraemon, muzurun injin da aka aiko masa daga ƙarni na 22. Wata rana ya tsinci tsohuwar 'yartsanarsa cikin tarkacen da za a zubar, duk jikinta faci, sai ya tuna cewa kakarsa ce take ɗinke masa ita duk lokacin da ta yage. Kewa ta taso masa, ya matsa wa Doraemon har suka shiga na'urar da ke cikin durowar teburinsa, wadda take kai mutum zamanin da ya wuce, da sharaɗin daga nesa kawai zai hango ta. Abin da ya tarar ya fi ƙarfin abin da ya je nema. Ya ga kansa yana ɗan shekara uku, ya kafe sai an sayo masa abin wasan wuta mai tartsatsi, alhali lokacin sayar da shi ya riga ya wuce. Tsohuwar ta zaga gari shago-shago ba ta samu ba, ta dawo a gajiye tana ba shi haƙuri, shi kuwa ya buɗe baki ya ce ba ya son ta. Nobita babba yana laɓe yana kallo, ransa yana ƙuna, ya gane cewa yaron da ya cancanci tsawa a wurin nan ba kowa ba ne, shi ne da kansa.

Daga baya ya samu shiga ɗakinta, ya same ta da allura da zare tana gyaran 'yartsanar nan. Cikin hira ta nuna cewa ba ta da wani buri da ya wuce ta ga ranar da jikanta zai goya jakar makaranta, ko da yake ta san shekarunta sun ja. Wannan magana tana da nauyi a Japan, domin jakar firamare da suke kira randoseru mai tauri ce, guda ɗaya yaro yake goyawa tsawon shekara 6, kuma sau da yawa kakanni ne suke saya wa jikoki ita kafin a buɗe makaranta a watan Afrilu. Nobita ya koma zamaninsa a guje, ya goyo jakarsa, ya dawo ya tsaya a gabanta ya ce shi ne jikan nata. Ba ta nemi hujja ba, ta gaskata shi nan take. Sai kuma ta ƙara da cewa yanzu saura ta ga amaryarsa, abin da ya sa ya ruga wurin ƙawarsa Shizuka yana neman aurenta. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san wannan hali na kaka, wadda take kiran jikanta mijinta, ta kuma ce jira take a kawo mata kishiya.

To, ga inda kunyata take. A lokacin da nake share ƙwalla saboda tsohuwar da aka zana da alƙalami, tawa kakar tana ɗakin da ke kallon nawa, kuma tun da hantsi ta aiko a ce in zo in zura mata zare a allura, domin idonta ya daina ganin kafar. Na ce ina zuwa, har azahar ban je ba. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu mun iya tausayin abin da ke cikin waya, mu tura wa abokai, mu rubuta cewa ya sa mu kuka, amma idan tsohuwa ta ce a lalubo mata lambar ɗanta, ko ta maimaita labarin da ta ba mu jiya, sai mu ɗaure fuska, wani ma har da tsaki. A Suratul Isra'i, aya ta 23, an hana mu ce wa iyayen da suka tsufa ko da tir, balle wadda ta haifi iyayen namu. Nobita mai shekara uku yana da uzurin ƙuruciya, mu kuwa da gemunmu da digirinmu ban san uzurin da za mu kawo ba.

Ba ina cewa a daina kallon katun ba ne, ni ma ban daina ba. Abin da nake jan hankalinmu a kai shi ne mu lura da abin da marubucin ya yi: ya ba yaron na'urar da ta fi kowace na'ura, amma bai bari ya hana kakarsa mutuwa ba, iyakar abin da ya samu shi ne ɗan zama a gabanta da cika mata buri ɗaya. Wannan ɗan zaman kuwa mu muna da shi a yau ba tare da wata na'ura ba. Wanda kakarsa take raye ya tambaye ta abin da take fatan gani, ya kai mata takardar sakamakonsa ko da ba ta iya karatun boko ba, ya goga mata goro idan haƙora sun ƙare, wanda yake nesa kuma ya kira ta ya bar ta ta yi magana har ta gaji.

Da na shiga ɗakin nata bayan azahar, na tarar har yanzu allurar tana hannunta, tana lasar bakin zaren tana gwadawa. Ta ɗago ta ce, “Mijin nawa ya iso?” Sannan ta miƙo mini.