Maganin da asibiti ke ajiyewa sai ta ɓaci, shi muke dama wa kaji

Masu kiwon kaji na Birnin Kebbi da Jega da Argungu, ina da magana da ku, kuma ba ta faɗa ba ce. Ku juya ledar garin maganin da kuke zuba wa 'yan tsaki a ruwan sha ku karanta. In kun ga an rubuta colistin, to abin da ke hannunku ya fi ƙarfin kaji.

Colistin na cikin dangin da masana ke kira feftaid masu kashe bakteriya, wato gajerun sarƙoƙi na sinadaran da ke gina furotin. Allah ya sanya irinsu a fatarmu da guminmu da fararen ƙwayoyin jininmu, har a cikin zuma. Wani likita a Amurka, Michael Zasloff, ya lura cewa kwaɗin Afirka da ake yi wa tiyata a ɗakin bincike ana mayar da su cikin ruwa mai datti, amma ɗinkin ba ya ruɓewa. Da ya bi diddigi, a 1987 ya fito da wani feftaid mai suna magainin daga fatarsu.

Yadda suke kisa ne ya fi burge ni. Fatar bakteriya tana ɗauke da cajin negatib, shi kuma feftaid fozitib ne, don haka da ya zo kusa sai ya manne. Sannan gefe guda na jikinsa yana son maiƙo, ita kuwa fatar da maiƙo aka gina ta, sai ya kutsa ciki. In suka taru da yawa sai su hudhuda ta kamar salkar da aka sossoka wa tsinke, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Ƙwayoyin jikinmu kuwa ba su da wannan caji sosai a waje, ga kolestirol ya ƙarfafa su, shi ya sa galibi suke tsira.

Yawancin magunguna wani aiki guda suke tarewa a jikin bakteriya, da ta ɗan sauya shi ta kuɓuta. Sauya fata gaba ɗaya kuwa ba wasa ba ne. Shi ya sa likitoci suka koma wa colistin, duk da sun taɓa jingine shi saboda yana taɓa ƙoda, lokacin da sauran magunguna suka fara kasawa.

To, ai bakteriyar ta sauya fatar. A 2015 masana suka ba da rahoton wani ƙwayar gado mai suna mcr-1 a jikin bakteriyar aladu a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana zuba colistin a abincin dabbobi. Aikinsa rage cajin fatar, sai maganin ya kasa mannewa. Abin tsoron, yana tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa waccan. A 2017 Sin ta hana amfani da shi don ƙara wa dabba girma. An riga an samu mcr-1 a kajin Najeriya.

Na san mai kaji ba mugunta yake yi ba, jarinsa yake karewa, ga tsadar abinci. Amma ba wa lafiyayyun tsaki magani "don rigakafi" ba dabara ba ce, horar da bakteriya ne. Ni a ganina kada shago ya sayar da colistin sai da takardar likitan dabbobi. Kashin kajin nan fa, da bakteriyar da ke cikinsa, shi ake lodawa buhu-buhu a kai fadamu da gonakin albasa, mu kuma mu yanka albasar ɗanya a kan tsire.